Linzami da Ƙullutun Bakin Yaro: Ina Gaskiya, Ina Jita-jita?

Da zarar jariri ya ƙi kama nono, kafin ranar suna an samu mai cewa, "Linzami gare shi, a kira wanzami." Daga Bukoki har Harobanda haka ake ji a gidajen jego na Yamai. A cikin zancen akwai tsaba, akwai ƙaiƙayi.

Linzami yana hana tsotso. Gaskiya ne, amma ga wasu. Kowa yana da ƴar siririyar fata da ta haɗa harshe da ƙasan baki. Sai ta gajarce ta ɗaure harshen ake kiranta linzami. Alamarsa: jariri ya kama nono ya saki, kan nonon uwa ya tsattsage, sikeli ya ƙi hawa. Sau da yawa gyaran yadda ake riƙe yaro wajen shayarwa ya wadatar.

Linzami ke hana yaro magana. Ba haka ba ne. Mai tsanani yakan wahalar da furta "r" ko "l", amma ba ya sa bebantaka. Yaron da ya kai shekara 2 bai fara haɗa kalmomi ba, a fara auna jinsa.

Fararen ƙwayoyin ganɗa da dasashi cuta ne. Ƙarya ne. Jarirai da dama da su ake haihuwarsu, kuma suna bajewa da kansu cikin makonni. Kada a kankare su. Farin da ya shimfiɗu a harshe da kumatu kamar kindirmo, in an goge ya bar ja, wannan ne ke son magani.

A huda ƙullutun ƙarƙashin harshe ya tsiyaye. Kuskure ne babba. Wannan kumburi mai kama da cikin kwaɗo miyau ne ya taru, don hanyarsa ta toshe ko ta fashe. In an huda, sake cika yake yi, ga ƙwayoyin cuta. In ya girma, likita kan cire shi tare da tushen miyaun.

Yankan gida da na asibiti ɗaya ne. A'a. Ƙarƙashin harshe akwai jijiyoyin jini, kuma jinin sabon haihuwa ba ya saurin tsayawa. Aska ɗaya a baki goma tana iya yaɗa ciwon hanta. Cire beli ma yankan gida ne: wani bincike da aka buga a 1994 ya gano kusan yaro 1 cikin 5 a Yamai an cire masa beli kafin ya wuce shekara 5, wasu har an kwantar da su asibiti. A hannun likita kuwa, yankan linzamin jariri aikin ɗan lokaci ne da tsabtataccen almakashi, nan take a ba shi nono.

Iyaye, ku fara da asibitin unguwa, wato CSI. In da buƙata, za a tura ku Babban Asibitin Ƙasa ko na Lamorde. Numfashi da ƙyar, ƙin nono gaba ɗaya, ko jinin da ya ƙi tsayawa ba sa jiran wayewar gari.