Dawanau: Daga Jakin Taki Zuwa Babbar Mota

Wanda ya fita Kano ta hanyar Katsina, ya wuce Kurna da Rijiyar Lemo da Bachirawa, ya bar Mil Tara a baya, sai ya iske kansa a Dawanau, cikin ƙasar Dawakin Tofa. Sunan Mil Tara ma ya isa shaida, gama sa'ad da aka raɗa shi tafiya ce ake ƙidayawa daga gari, gonaki dama da hagu. Yanzu kuwa gini ya kama hannun gini, har baƙo ba ya gane inda birni ya ƙare, balle inda ƙauye ya fara.

To, ku sani ƙasar nan da ke kewaye da Kano ta daɗe da cika da mutane, har ba a iya barin gona ta huta. Kowace damina sai an noma ta, amma ba ta gaji ba. Asirin abin taki ne. Da rani ya yi, sai jakuna su dinga shiga birni da itace da kara da hatsi, su komo mangaloli cike da toka da shara da kashin awaki, a bi gona ana zubawa tsibi-tsibi kafin saukar ruwa. Wani Bature masani, Michael Mortimore, ya bi diddigin wannan al'amari a shekarun 1960, ya rubuta shi. Watau juji bai daɗe a ƙofar gidan mutumin birni, gonar mutumin ƙauye kuma ba ta kwana da yunwa. Babu injiniyan da ya zana wannan tsari a takarda, amma ya yi aikin da motocin kwashe shara ke fama da shi har yau.

Sa'an nan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, gari ya yi ta kumbura. Aka jawo ruwan famfo daga Challawa a zamanin Sarki Abdullahi Bayero. Aka kuma sa wani Bature, Trevallion, ya tsara yadda birnin zai bunƙasa daga 1963 zuwa 1983. Jama'a dai ta riga takarda gudu.

Da kasuwannin cikin gari suka cushe, manyan motoci suka rasa wurin juyawa, sai a 1985 aka fitar da masu cinikin hatsi zuwa Dawanau. Lalle shawarar ta yi kyau, domin motar da ta ɗauko gero daga arewa ba ta da dalilin kutsawa lungunan Fagge. Kasuwa kuwa ta karɓu, har ana lissafa ta a kan gaba cikin kasuwannin hatsi na Afirka ta Yamma. Ga gero da dawa da masara da wake, ga riɗi da zoɓorodo da waken soya waɗanda ake kaiwa har ƙetaren teku, ga fatake daga Nijar da Cadi da Kamaru.

Amma kasuwa ba ta tafiya ita kaɗai. Dillali ya bi ta, ɗan dako ya bi ta, mai tuwo da mai shayi da bakanike duk suka bi ta, kowa kuwa yana bukatar wurin kwana da ruwan sha da wurin kewayawa. Mai gona ya ga kuɗin fuloti ɗaya ya fi amfanin damina da yawa, sai ya yanka ya sayar. Wa zai ga laifinsa? Sai dai gonar da aka yanka ba da shawarar masu tsara gari ba, a kan manta da hanya a cikinta, a kan manta da lambatu. Shekara da shekaru 'yan kasuwar suka yi suna kukan taɓon damina, mota ta kafe da buhu ɗaruruwa a kanta, ruwa ya kwanta a bakin sito, sauro ya sami gida.

Taki ma ya sāke. Sharar birni ta zamanin nan cakuɗe take da leda da roba da fasassun kwalabe. Manomi ya saye ta mota guda, sai ya zauna tsinta, abin da ya kuɓuce masa iska ta watsa, akuya ta haɗiye ta kumbura. Ledar da ba ta kai gona ba, ita ce ke toshe kwata.

Abin da ya fi wannan nauyi shi ne sha'anin rijiya. Mai ƙaramin fuloti ya kan haƙa rijiyarsa a kusurwa guda, maƙwabcinsa kuma ya haƙa masai a bayan wannan katanga, kowa yana ganin cikin haƙƙinsa yake. Ƙasa kuwa ba ta san katanga ba. In ruwa ya yi yawa, abin da ke cikin masai sai ya tsiyaya ya tarad da na sha, daga nan amai da gudawa ke samun ƙofa. A Landan, a 1854, wani likita mai suna John Snow ya bi gidajen da annobar ta yi ɓarna, ya tarar yawancinsu rijiya ɗaya suke sha, ya sa hukuma ta cire hannun famfonta. Malamanmu na fiƙihu ma ba baƙi ba ne a wannan babi, gama sun yi magana a kan harimin rijiya, da faɗin hanya, da hana mutum yin abin da zai cuci maƙwabci ko da a cikin mulkinsa ne.

Dattawa suna tuna duba-gari na zamanin En'e, mai leƙa randa da masai, wanda matan gida kan yi ta share-share in an ce ga shi nan tafe. Shi a gidan da aka riga aka gina yake aiki. A gefen Dawanau kuwa har yanzu akwai gonakin da igiyar awo ba ta shiga ba, kuma a ranar awon ne ake iya cewa nan hanya, nan lambatu, rijiya ta yi nan, masai ya yi can, tun ba a sa tubali ko ɗaya ba.