Yaron Da Karatu Ya Yi Wa Wuya

Jama'a, masana sun bincika, sun ga yaro ba ya kama karatu sai ya gane kowane baƙi da wasali yana da sautinsa.

A ƙasarmu ta Bagudo, daga Illo har Lolo, bakin iyakar Benin, wani yaro Dandanci yake ji a gida, wani Fillanci. In aka fara masa da Turanci, ina zai kama? A Ife, a 1970, an fara gwada koya wa yara da Yarbanci har shekara 6. Suka fi waɗanda aka mayar Turanci da wuri.

Wani yaron kuma haɗa baƙi da sauti ke ba shi wahala. Ba daƙiƙi ba ne, kada mu buge shi. Mu kai shi a duba idonsa da kunnensa. Kullum mu zauna da shi, mu bi ba, bi, bu, sannu sannu.