Jitar Rakiya: Gwaninta Tana Hannun Dama

A ƙungiyoyin kiɗan zamani da dama za ka tarar da masu jita biyu. Akwai mai jan gaba, wanda yake ƙawata waƙa har 'yan kallo su ɗau shewa, akwai kuma mai rakiya, wanda yake riƙe kiɗan kada ya watse. Shi na biyun tamkar ɗan amshi yake: ba a cika lura da shi ba, amma da ya yi tuntuɓe kowa zai ji.

Masu koyo sukan share watanni suna horar da yatsun hagu wajen danna tsirkiya. Alhali abin da yake raba wani salo da wani yana hannun dama: yaushe za a buga, da wane ƙarfi, yaushe kuma za a yi shiru.

A kiɗan jaz na Amurka, Freddie Green ya yi kusan shekara 50 a ƙungiyar Count Basie, daga 1937 zuwa 1987, yana bugu huɗu-huɗu daidai wa daida, da wuya ka ji ya fito shi kaɗai. A regen Jamaika kuwa, mai jita yakan tsallake bugu na ɗaya da na uku, ya sauka kan na biyu da na huɗu, nan take ya sassauta yatsun hagu don amon ya yanke. Jimmy Nolen, wanda ya shiga ƙungiyar James Brown a 1965, hannunsa na dama ba ya tsayawa, sai dai galibin bugun kan tsirkiyar da aka toshe yake sauka, har jitar ta koma kamar abin kaɗawa.

A Afirka ma kowane gida da nasa. Masu jitar Fela Kuti sukan maimaita ɗan gajeren kiɗa guda fiye da minti 10 ba kuskure. A rumbar Kwango, irin ta Franco da ƙungiyar OK Jazz da aka kafa a 1956, tsirkiya ɗaya-ɗaya ake tsinta, jitoci suna saƙa da juna. A Nijar, jitar Abzinawa irin ta Bombino da Mdou Moctar takan daɗe kan amo ɗaya, tana tafiya da tafi da ganga.

To, ina mafita ga mai koyo? Ya ɗauki haɗin tsirkiya biyu kacal, ya kaɗa su da salo uku daban-daban. Ya fara a hankali da na'urar ƙidayar bugu, wadda yanzu ana samunta a waya, ƙafarsa tana dukan ƙasa. Ya ɗauki kiɗansa ya saurara, domin kunne ba ya yi wa hannu kara. In yana sauraron waƙa, ya bi mai ganga da mai jitar bas kafin mawaƙi. Sannan ya nemi abokan kiɗa, don ba a koyon rakiya a ɗaki kai kaɗai.

Hausawa sun ce in kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Mai jitar rakiya shi ne ya kamata ya fara jin canjin, tun kafin masu rawa su ɗaga ƙafa.