A Fito Da Shi Rana

Gwaggona ba ta taɓa biyan kuɗin yadi a cikin shago ba. Ciniki dai a ciki take yi, amma kafin ta kwance bakin zaninta sai ta ce wa yaron shago, "Ɗan nan, ɗauko shi mu fita waje." Ina yaro nakan raka ta Kantin Kwari in Sallah ta matso, kuma abin yakan ba ni kunya. Ga mutane na ta turereniya, ga ta tsaye a bakin layi ta warware shadda a rana, ta karkata ta nan, ta karkata ta can, ta ɗaga sama tana leƙen saƙar, har ta jiƙa yatsa ta murza gefen ta ga ko rinin zai biyo hannu. Takan ce fitilar shago domin mai kaya aka rataya ta, ba domin mai saye ba.

Ranar da na je sayen allon kwamfuta, wanda 'yan kasuwa ke kira monita, duk wannan karatun ya fice mini daga kai. An jera alluna fiye da goma, kowanne yana nuna kifaye masu launi a ƙarƙashin teku. Mai shagon ya dafa mafi girma ya ce, "Yallaɓai, wannan inci 32 ne, kamar kana silima." Na biya, na rungumo shi. Ba a yi mako guda ba, da la'asar ta yi sai in ji idona kamar an watsa mini yashi, ga ciwon kai da ke zama daidai saman gira. Ni kuwa ba kifi nake kallo ba. Rubutu nake yi, baƙi a kan fari, wajen awa bakwai a rana.

Abin da ya ruɗe ni shi ne abin da ke ruɗar sabon shiga a Kwari, wato sheƙi. Shadda in ta sha bugu takan ɗauki ido daga nesa, amma ba wanda ke kwana da ita. Allo ma a shago ƙure haskensa ake yi. Yawancin allunan ofis suna iya kai wa nit 250 zuwa 350, ma'aunin hasken ke nan, alhali ɗakin aiki na yau da kullum 100 zuwa 150 ya ishe shi. Ba sai ka mallaki na'urar awo ba, ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Buɗe farin shafi a kwamfutar, ka riƙe farar takarda a gefensa. In allon ya yi kama da fitila takardar kuma ta yi duhu, rage. Ka yi ta ragewa har su zama kamar 'yan uwa. Da dare sai ka sake ragewa, musamman in an ɗauke wuta, ɗaki ya yi baƙi ƙirin, allon shi kaɗai ke ci a kan inbata. Wannan zaman ya fi kowanne gajiyar da ido, kuma ƙaramar fitila a bayan allon ta isa ta gyara shi.

Akwai sheƙi na biyu, na fuskar gilashin kansa. Ka ce a kashe maka allon a shagon, ka duba. In ka ga fuskarka tar har za ka iya gyara zaman hularka, madubi ne za ka saya, kuma duk taga da ƙwan lantarkin da ke bayanka za su zauna a kan rubutunka, ido ya yi ta kokawa tsakanin hoto biyu. Nemi marar sheƙi, wanda in an kashe shi inuwarka kawai kake gani dishi-dishi.

To amma aibin da ya fi ɓuya shi ne irin wanda Gwaggo ke nema da jiƙaƙƙen yatsa. Atamfa mai zuba ba ta nuna halinta a kan kanta, sai ranar wankin fari. A allo, wannan aibin sunansa ƙiftawa, kuma abin takaicin shi ne sai ka bi shawarar rage haske sannan yake fitowa. Ga yadda abin yake. A bayan gilashin akwai ƙananan fitilun LED. Hanya mafi araha ta rage haskensu ita ce a riƙa kunna su ana kashewa da sauri, a alluna da yawa wajen sau 200 ko fiye a daƙiƙa ɗaya. Gwargwadon daɗewarsu a kashe, gwargwadon dushewar allon. Masu sana'ar suna kiran dabarar PWM. Ido ba ya ganin ƙiftawar ƙuru-ƙuru, kuma gaskiya mutane da yawa ba ta damunsu ko kaɗan, kamar yadda wani zai sa yadin leda ya yini lafiya, wani kuwa jikinsa ya hau ƙaiƙayi. Amma wanda take damu, ciwon kai ne da nauyin ido ba tare da ya san daga ina ba. Waɗanda suka yi aiki da tsofaffin monita masu ƙeya, irin na shagunan buga takardu a da, za su tuna yadda hoton ke rawa in an kalle shi ta wutsiyar ido. Wancan sau 60 ne a daƙiƙa, shi ya sa ya kasa ɓuya. Na yanzu ya koyi wayo ne kawai.

Gwajinsa biro ɗaya ne. Ka sa a rage hasken zuwa kashi 20 ko 30 cikin ɗari, a buɗe farin shafi, ka riƙe biron ta gindi ka kaɗa shi da sauri a gaban allon. In ka ga inuwa ɗaya a shafe, lafiya lau. In ka ga birori da yawa a jere, rarrabe kamar fikafikan fanka, allon yana ƙiftawa. Kyamarar waya ma takan nuna baƙaƙen layuka suna gangarowa. Sababbin alluna na kamfanoni irin su BenQ da Dell da Asus sukan zo da rubutun Flicker-Free a jikin kwali, wasu har da hatimin TÜV Rheinland, kamfanin gwaje-gwaje na birnin Kolon a Jamus. Sai dai yawancinmu tokumbo muke saye, ba kwali ba takarda. Mai shagon zai yi maka kallon taɓaɓɓe in ya ga kana kaɗa biro. Haka aka riƙa kallon Gwaggo, kuma ban taɓa ganin zaninta ya zuba ba.

Nawa allon, da na gwada shi daga baya, yana da wannan aibin, ga kuma wani a kai: saƙarsa shara-shara ce. Hoton allo ɗigo-ɗigo ne, kamar zaren tsaye da na kwance a yadi. Ɗigo 1920 a kwance da 1080 a tsaye, in aka shimfiɗa su a kan inci 24, kowane inci zai sami kimanin 92. In aka ja su a kan inci 32, sai su koma 69. Zaren bai ƙaru ba, faɗin ne ya ƙaru, don haka gefen haruffa ya zama kamar haƙoran zarto, ido kuma ya yini yana gyara abin da ba zai gyaru ba. Mai son inci 27 ya nemi 2560 da 1440, wanda ke ba da kimanin 109. Ka kuma karkata kanka gefe da ƙasa kamar mai duba shadda. In launin ya wanke ko ya duhunta, galibi irin gilashin da ake kira TN ne. Na IPS ba ya sauya fuska haka. In akwai kafar HDMI, ka bar tsohuwar wayar VGA mai shuɗin kai, takan sa rubutu ya yi hazo.

Batun shuɗin haske kuwa, wanda ake ta tallar tabarau a kansa, ni ina kallonsa kamar rubutun zinariya da ake bugawa a gefen atamfa: yana ƙara farashi, ba ya ƙara inganci. A 2023 ƙungiyar masu binciken lafiya ta Cochrane ta tattara gwaje-gwaje 17 a kan irin waɗannan tabarau, ba ta ga hujjar cewa suna rage gajiyar ido ba. In farin allo ya yi maka sanyi da yawa da dare, Windows na da maɓallin da ke mayar da shi ruwan ƙwai, kyauta.

Saura tela. Kowa ya san yadin tsada da mugun ɗinki ya kashe, wuyan riga ya shaƙe, hannu ya ɗage. Zaman allo a kan tebur shi ne ɗinkinsa. Tsakaninka da shi tsawon hannu, santimita 50 zuwa 70, bakinsa na sama daidai idonka ko ƙasa kaɗan, taga a gefe, ba gaba ba ba baya ba. Shi ya sa ƙafar allo mai hawa da sauka ta fi mini ƙarin inci biyar daraja, ko da yake littattafai biyu masu kauri ma sukan yi aikin. Mutum yakan ƙifta ido wajen sau 15 a minti, amma in ya ƙura wa allo sai ya koma biyar zuwa bakwai. Haɗa wannan da iskar hunturu da fanka mai hura fuska, ka ga inda yashin nan yake fitowa. Likitocin ido sukan ce duk bayan minti 20 a ɗaga kai a dubi abu mai nisan mita shida na daƙiƙa 20. Ni bishiyar darbejiyar maƙwabta nake kallo. Wanda ya haura shekara 40 kuma ya ga yana matsar da waya nesa kafin ya karanta saƙo, ya je a auna idonsa tukuna, don ba allon da zai maye masa gurbin tabarau.

Na inci 32 ɗin yanzu yana falo, yara na kallon ƙwallo a kai, kuma daga nesa ba shi da laifi. Wanda nake wannan rubutu a gabansa tokumbo ne, inci 24, IPS, marar sheƙi. Sai da na kaɗa masa biro kafin na biya, kuɗinsa bai kai na wancan ba, kuma haskensa a kan 30 yake tun ranar da ya shigo gidan.