Tsadar Gyaran Abin Hawa a Ƙasar Gobir: Me Za a Kai wa Bakanike, Me Za a Yi da Hannu?

Duk wanda ya san Sabon Birni da Isa, garuruwan nan na Gobirawa da ke gefen jihar Sakkwato, tsakanin iyakar Nijar da ƙasar Shinkafi, ya san cewa babur da tsohuwar mota su ne ke ɗauke da rayuwar jama'a, domin su ke kai albasar fadama kasuwa, su ke kai mai naƙuda asibiti, su ne kuma ke sada ɗan'uwa da ɗan'uwansa na Tsibiri ko Maraɗi. Saboda haka al'amarin da ya bayyana cikin 'yan shekarun nan, wato yadda masu ababen hawa suka rage zuwa gareji, wasu suka koma juyen baƙin mai da ɗaure-ɗaure a ƙofar gida, wasu kuwa suka bar gyaran gaba ɗaya sai ran da injin ya tsaya, ya cancanci a dube shi da natsuwa, a san sababinsa da abin da yake haifarwa.

Sababi na farko sananne ne. A ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Bola Tinubu ya bayyana janye tallafin man fetur, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce naira 1,000. A watan Yuni na 2023 aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, dalar da hukuma ke bayarwa a kan wajen naira 460 ta zarce 1,500 a shekarar da ta biyo. To, da yake babur ɗin Bajaj daga Indiya yake zuwa, Jincheng daga Sin, motocin Golf kuwa tsofaffi ne da aka gama yayinsu a Turai, babu fulogi ko sarƙa ko taya da farashinsa bai bi dala ba. Hatta baƙin man da ake durawa a galan a nan gida, tushensa daga waje ake shigo da shi, alhali kuwa matatar Kaduna, wadda aka gina da sashen yin irin wannan mai, ta daɗe ba ta aiki. Ɗan kabu-kabu da ya kashe rabin cinikinsa a gidan mai, in ya koma gida da abin da ya saura ya tarar da cefane na jiransa, ba abin mamaki ba ne idan sabis ɗin babur ya zama abu na ƙarshe da zai tuna.

Sababi na biyu ya fi shafar wannan yanki fiye da sauran wurare, shi ne nisa da rashin tsaro. Kayan gyara sai sun taso daga Legas ko Nnewi, sun sauka Ƙofar Ruwa a Kano ko cikin birnin Sakkwato, kana su kamo hanyar Goronyo ko ta Shinkafi, kowane zango da ribarsa da kuɗin motarsa, da kuma ladan kasadar direban da ya yarda ya bi hanyar. A watan Satumba 2021 gwamnatin jihar Sakkwato ta rufe hanyar Isa zuwa Marnona, ta hana sayar da fetur a jarka. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023 aka rufe iyaka, cinikin da ke tsakanin Gobirawan nan da na can ya yi rauni ƙwarai. Sakamakon wannan duka shi ne, talakan ƙauyukan wannan yanki, wanda samunsa bai kai na mutumin birni ba, shi ne ke sayen kayan gyara da tsadar da ta fi ta birni.

Akwai kuma sababi na uku wanda ba a cika faɗinsa a fili ba, kuma a ganina shi ne mafi nauyi, wato raunin amana tsakanin mai abin hawa da bakanike. Kasuwa ta cika da jabu, har ya zamana kwali ɗaya, suna ɗaya, amma wani fulogin ya yi shekara, wani bai kai wata ba. Mai babur ya biya kuɗin na ainihi, bayan mako biyu abin ya lalace, ba ya da hanyar sanin ko bakaniken ne ya yi masa algus ko shi ma an cuce shi ne a shago. Sai zato ya shiga, zato kuwa ba ya barin mu'amala ta yi albarka. Lalle akwai kanikawa masu ƙara kuɗi a kan kaya, da masu kwance abin da ba su san yadda za su mayar ba. Amma adalci ya wajabta a faɗi cewa mafi yawansu suna cikin ƙuncin da kowa ke ciki: littafinsu cike da bashi, kuɗin hannunsu bai tashi kamar yadda kuɗin masara ya tashi ba, yaran da ke koyon sana'a a ƙarƙashinsu kuma suna gudu tun ba su ƙware ba, su je su buɗe nasu wurin da sifana uku da filaya.

To, shin gyara da kai maslaha ce ko mafsada? Amsar ta danganta da irin gyaran. Akwai kulawar da haƙƙin mai abin hawa ce tun asali, kamar yadda kakanninmu ba su kiran kowa don ya share wa doki jiki ko ya duba masa kofato, amma in ciwo ya yi tsanani sai su nemi masani. Duba baƙin mai kowace safiya, da juye shi a kan lokaci, da kakkaɓe matacin iska lokacin hunturu sa'ad da ƙura ke cinye injin daga ciki, da ɗaure sarƙa da sa mata mai, da auna iskar taya, da duba ruwan lagireto, duk waɗannan mutum mai hankali zai iya koyonsu cikin ɗan lokaci, kuma wanda ya lizimce su ya tsare wa kansa dukiya mai yawa. Idan tsada ta tilasta wa jama'a koyon wannan, to ta zo da alheri ɗaya cikin sharrinta. Manomin fadama ma ya amfana, domin ilmin da ke tayar da babur shi ne ke tayar da injin ban ruwa a bakin gulbi.

Birki da sitiyari da cikin injin da wayoyin wuta kuwa wani babi ne dabam. A zamanin Fijo 504, wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna, direba mai basira yakan kwance kafireta a gefen hanya ya busa ya mayar. Motocin yanzu da yawansu na'ura ce ke sarrafa wutarsu da mansu, mai aikin rewaya ma sai ya sa kwamfuta kafin ya gane ciwon. Wanda ya taɓa birkin motar haya ba da sani ba, ya sa rayukan fasinja cikin abin da bai mallaki ikon yin kasada da shi ba. Mafi muni daga wannan shi ne jinkirta gyara, domin galan ɗin baƙin man da aka ƙi saye yau, shi ne ke zama sabon fistin da ringi gobe, ko injin sukutum. A wannan ƙasa kuma hasarar ba ta tsaya ga kuɗi ba. Mutanen Sabon Birni ba su manta da matafiyan da 'yan bindiga suka ƙone cikin mota a hanyar Isa a watan Disamba 2021 ba, Allah ya jiƙansu da rahama; hanyar da lafiyayyar mota ke bi da fargaba, ina ga wadda za ta mutu a tsakiyar daji bayan la'asar?

Malamanmu na mazhabar Malikiyya sun riga sun shimfiɗa ƙa'idar da za ta warware rabin rikicin amana tsakanin mai abin hawa da bakanike, domin a babin ijara sun sharɗanta a san aikin a san ladansa kafin a fara, kuma Risala ta Ibn Abi Zaid ta ɗora wa mai sana'a lamunin kayan da ya karɓa ya keɓanta da su. Da za a yi aiki da wannan a gareji, a yanka kuɗin hannu tun farko, a nuna wa mai babur jabu da na ainihi ya zaɓa da saninsa, a miƙa masa tsohon abin da aka cire, da zato ya ragu ƙwarai. Ina roƙon shugabannin kanikawa da na direbobi da na 'yan kabu-kabu a Sabon Birni da Isa su zauna su mai da wannan doka a tsakaninsu, limamai su taimaka da tunatarwa a huɗuba, kanikawa kuma su daure su koya wa abokan cinikinsu ƙananan gyare-gyare ba tare da ƙyashi ba, domin wanda ka koya wa juyen mai, wurinka zai kawo injinsa ran da babban aiki ya taso.