Hana Ƙona Daji a Rigasa: Hukumomi Su Fara Haɗa Baki

Duk wanda ya san yammacin Rigasa ya san yadda hayaƙi kan turnuƙe sama da zarar an gama kaka, ciyawa ta bushe, iskar hunturu ta kaɗa. Mafarauta kan cinna wuta don su fito da gafiya da zomo, makiyaya kan yi toyi don sabon toho ya fito wa dabbobi, manomi kuma ya ƙona sauran kara don ya rage wa kansa aikin sharar gona. Kowannensu yana da hujjarsa, amma wuta ba ta san iyakar gona ba. Takan cinye damin dawar da ba a kwashe ba, ta lashe harawa, ta halaka ƙananan itatuwa, hayaƙinta kuma ya haɗu da ƙurar hunturu ya takura wa masu asma. Abin da ya hana a shawo kan wannan matsala shi ne hukumomin da ke da alhakin dajin sun yi yawa, kuma kowace tana aikinta ita kaɗai.

Doka dai akwai ta. Tun 2011 akwai ƙa'idojin tarayya da suka hana ƙona daji barkatai, kuma hukumar NESREA ce ke da alhakin tabbatar da su. Jihar Kaduna tana da hukumar kare muhalli ta KEPA, da hukumar agajin gaggawa, da 'yan kwana-kwana. Dokar filaye ta 1978 ta danƙa ƙasa a hannun gwamna, ta kuma bai wa ƙaramar hukuma iko a kan filayen karkara. Rigasa na ƙarƙashin Ƙaramar Hukumar Igabi. A kewayen unguwar akwai gandun dajin Afaka da kwalejin gandun daji ta tarayya, akwai makarantar horar da hafsoshin soja ta NDA, akwai filin jirgin sama, ga kuma layin dogo na Abuja da aka buɗe a 2016, wanda ya ƙare a tashar Rigasa. Wutar da ta tashi a gona guda tana iya ratsa ƙasar hukumomi uku kafin faɗuwar rana, alhali talakan da ya hango ta bai san ƙofar da zai ƙwanƙwasa ba.

Maganin da ya dace shi ne jadawali ɗaya da murya ɗaya. Kafin ƙarshen damina, waɗannan hukumomi su zauna da Hakimin Rigasa, da masu unguwanni, da ardo-ardo, da shugabannin manoma da na mafarauta, su raba rani gida biyu. A farkonsa, wajen Nuwamba, lokacin da ciyawa ke da sauran danshi, a ba da izinin ƙona wuraren da aka keɓe bayan an share layi mai faɗi a gefen gonaki don tare wuta. Masana daji sun daɗe da tabbatar da cewa irin wannan wuta ba ta da zafi sosai, kuma tana cinye busasshiyar ciyawar da babbar gobara za ta ci daga baya. Daga Janairu zuwa saukar ruwan farko kuwa, a hana kunna wuta gaba ɗaya, a rufe sassan gandun da suka fi haɗari. Hasashen hukumar kula da yanayi ta NiMet shi ne zai nuna ranar rufewa da ranar buɗewa, ofis guda kuma ya yi shela a rediyo da masallatan Juma'a da coci-coci.

Wani zai ce rufe daji zalunci ne ga mai saran itace da makiyayi, kuma maganarsa tana da tushe. A 2021, saboda matsalar tsaro, gwamnatin jihar ta hana sare itatuwa da safarar itace da gawayi a wasu ƙananan hukumomi, har da Igabi da Chikun da Birnin Gwari. Wannan ya nuna gwamnati na iya rufe daji idan ta ƙuduri aniya, ya kuma tunatar da mu cewa girkin gidaje da yawa a kan dajin nan ya dogara. Don haka dole rufe daji saboda gobara ya zama na ƙayyadadden lokaci, a wurare sanannu, a bar burtali a buɗe, a kuma sanar da wuri don mutane su yi tanadi. Wani kuma zai ce malaman daji ba sa iya shiga inda 'yan bindiga suke. Ba a manta da ɗaliban kwalejin Afaka da aka sace a Maris na 2021 ba. Gaskiya ne, shi ya sa ma sai da sojoji da 'yan sanda a zaman, a kuma fara da gonakin bakin gari da gefen layin dogo, inda ido ke kaiwa.

Ghana ta bi irin wannan hanya ta haɗa hannu bayan gobarar 1983 da ta cinye gonakin koko da na abinci: dokarta ta 1990 ta tanadi ƙungiyoyin sa-kai na kashe gobara a ƙauyuka. Amurka ma, duk da kayan aikinta, sai da ta kafa cibiya guda a birnin Boise inda hukumomin daji da na yanayi ke aiki tare. Rigasa ba ta buƙatar sabuwar hukuma ko kuɗi masu yawa. Tana buƙatar Ƙaramar Hukumar Igabi da KEPA su kira zaman nan tun a watan Oktoba, su fitar da ranaku da lambar waya guda, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.