Addu'ar fara alwala: Tsohuwar muhawarar da ta dawo bakin butoci a Tibati

A Tibati, hedikwatar gundumar Jerem da ke yankin Adamawa na ƙasar Kamaru, babu mai jayayya cewa da Bismillah ake fara alwala. Yaro ɗan makarantar allo ya sani, masuncin da ke bakin tafkin Mbakawu ma ya sani. Inda baki ke rabuwa shi ne abin da za a faɗa bayan Bismillah, da kuma makomar sallar wanda ya manta da ita.

Wanda ya saba sallah a masallatan arewacin Kamaru, daga Tibati har Garwa da Marwa, ya san yadda abin yake. Akwai dattijon da zai tsuguna gaban buta ya furta niyya da Larabci, sannan kowace gaɓa ya wanke sai ya bi ta da addu'arta. A gefensa ga matashin da ya ji wa'azi a waya, yana kallonsa ta wutsiyar ido, a ransa yana cewa duk wannan bidi'a ce. Akwai kuma wanda ya fi su ban tausayi, wato mutumin da aka gaya wa cewa duk wanda bai yi Bismillah ba ba shi da alwala. Shi kam sai ya kai ƙafa, shakka ta kama shi, "Na faɗa ko ban faɗa ba?", ya koma farko. Wani sai liman ya yi raka'a biyu yana nan yana fama da buta.

Littattafan da aka gada

Addinin da ake karantarwa a zaurukan Tibati ya shigo ne tun farkon ƙarni na 19, lokacin da Hamman Sambo ya kafa masarautar a ƙarƙashin Modibbo Adama, wanda ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Fatake Hausawa masu neman hauren giwa da goro sun biyo baya, da malamansu da littattafansu. Jamusawa sun ci garin a 1899, Faransawa suka gaje su bayan yaƙin duniya na ɗaya, amma jerin karatun bai sauya ba: Ƙawa'idi, Ahalari, Ishmawi, Iziyya, Risala, mai nisan kwana a karatu ya kai Muhtasar. Dukansu littattafan mazhabar Malikiyya ne, irin waɗanda ake bita a Kano da Zariya da Yola.

To me suka ce? Ahalari, wanda kusan kowane ɗalibi ya hardace farkonsa, ya lissafa farillan alwala guda bakwai: niyya, wanke fuska, wanke hannuwa zuwa gwiwar hannu, shafar kai, wanke ƙafafu zuwa idon sawu, cuɗawa, da gaggautawa. Bismillah ba ta cikinsu. Ba ta ma cikin sunnoni. Ya ajiye ta ne a cikin mustahabbai, kusa da asuwaki. Ma'ana wanda ya yi ta ya samu lada, wanda ya bar ta alwalarsa lafiya lau.

Risala ta Ibn Abi Zaid, malamin Ƙairawan da ya rasu a 996, ta ƙara buɗe maganar. Ta nuna cewa wasu malamai sun ce a fara da sunan Allah, wasu kuma ba su ɗauke shi abin da aka sani daga magabata ba. Daga Imamu Malik kansa an ruwaito magana uku: cewa abin so ne, cewa wanda ya ga dama ya yi, da kuma wata ruwaya da ya yi mamakin abin har ya tambaya ko mai alwalar yanka zai yi. Ta farkon ce ta zama mashahuriya a mazhaba, ita ake aiki da ita. Har ƙarasa ta da Rahmani Rahim ma malaman Malikiyya sun yi zance biyu a kai, ba wanda ya ce ɗayan ya ɓata.

Daga ina tsoron ya fito?

Hadisin da ke kore alwalar wanda bai ambaci sunan Allah ba yana nan, Abu Dawuda da Tirmizi da Ibn Majah duk sun fitar da shi. Saboda shi ne mazhabar Hambaliyya ta ce Bismillah wajibi ce, alhali Hanafiyya da Shafi'iyya suka ce sunna. Wannan fahimtar ta Hambaliyya ita ce ta yi ta shigowa arewacin Kamaru ta hannun ɗaliban da suka yi karatu a Madina, da kaset-kaset na wa'azi daga Najeriya bayan kafa Izala a Jos a 1978, yanzu kuma ta WhatsApp da Facebook.

Sai dai galibi rabin maganar ne ke isowa. Tirmizi ya ruwaito daga Imamu Ahmad, shugaban mazhabar, cewa bai san wani hadisi mai kyakkyawan isnadi a wannan babi ba. Malamai na baya ne suka tattara hanyoyin hadisin suka ce suna ƙarfafa juna. Kuma su Hambalawan da suka wajabta, sun ce wajibcin yana faɗuwa idan mantuwa aka yi. Ke nan a mazhabobin nan huɗu babu wadda ta ce mai mantuwa ya sake alwala, balle ya rama sallolin baya. Wanda ke juye buta biyu a kan wannan shakka, waswasi ne kawai ke wahalar da shi. Alwalar Manzon Allah (SAW) mudu ɗaya na ruwa ke isarta, abin da bai kai lita guda ba.

Addu'ar gaɓoɓi ita ce ta fi tada jijiyar wuya tsakanin uba da ɗa. Mai wanke fuska yana roƙon Allah Ya haskaka fuskarsa ranar hisabi, mai wanke hannun dama yana roƙon a ba shi takardarsa da dama, mai wanke ƙafa yana neman tabbata a kan siraɗi. Dattijon da ke yin ta ba shi ya ƙirƙiro ba. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya kawo ta a Ihya'u da Bidayatul Hidaya, littattafan da malaman zaure ke girmamawa. Amma Imamu Nawawi, wanda ya rasu a 1277, ya ce ba ta da asali daga Annabi (SAW), Ibnul Ƙayyim kuma ya fi shi zafi a Zadul Ma'ad. Wasu malaman Shafi'iyya na baya sun sassauta, suka ce ruwayoyi ne masu rauni da za a iya aiki da su a babin falala.

A nan kowane ɓangare na da abin gyarawa. Matashin ya yi gaskiya da ya ce kada a jingina wa Annabi (SAW) abin da bai tabbata ba. Amma idan ya wuce nan ya ce alwalar kakansa ta lalace, ko ya ƙi bin sa sallah, ya faɗi abin da Nawawin ma bai faɗa ba. Shi kuma dattijon bai kamata ya koya wa jikoki cewa alwala ba ta cika sai da waɗannan addu'o'i ba, domin ta nan ne yaron da ya kasa hardacewa ke fara jin cewa addini ya fi ƙarfinsa. Haka batun furta niyya: a Malikiyya zuciya ce muhallinta, barin furtawar ya fi, sai ga mai fama da waswasi.

Famfo a cikin bayi

Akwai wata tambayar da kakanni ba su sha fama da ita ba. A gidan gargajiya salga na can ƙuryar gida, mutum ya gama uzurinsa ya fito da buta tsakar gida, ya samu dutse ko 'yar kujera ya zauna. Wurin tsarki daban, wurin alwala daban. Amma a sababbin gine-ginen Garwa da Ngaundere, da otal-otal da ofisoshi, famfo da shawa da masai duk ɗaki ɗaya ne. Matafiyin da ya hau jirgin ƙasa na dare daga Ngaundal zuwa Yawunde ma idan ba ya riƙe da gorar ruwa, bayin jirgin zai nufa. Ambaton sunan Allah a irin wannan wuri kuwa makaruhi ne.

Malamai sun ba da mafita mai sauƙi. Mutum ya yi Bismillah a bakin ƙofa kafin ya shiga, ko ya yi ta a zuci ba tare da motsa harshe ba. Waɗanda ke ganin wajibcinta sun ce ya furta abinsa, wajibi ya rinjayi karhanci. Ga Bamalike dai lissafin a fili yake: ba a shiga makaruhi don neman mustahabbi.

Abin mamaki, addu'ar da ba a yi saɓani kan ingancinta ba ita ce aka fi sakaci da ita, wato ta bayan alwala. Hadisin Sayyidina Umar da ke cikin Sahihu Muslim ya yi wa wanda ya kyautata alwala sannan ya yi kalmar shahada albishir da buɗe masa ƙofofin Aljanna takwas. Tirmizi ya ƙara roƙon Allah Ya sanya mutum cikin masu tuba da masu tsarki. Amma da an ji iƙama sai ka ga an jefar da buta ana gudun sahu, ba a ce komai ba.

Sai kuma diddige. Tibati na kan tudun Adamawa, asubahin hunturu da sanyi, ga jar ƙurar hanya da ke maƙalewa a ƙafa, ga faso. A irin wannan lokaci mutane da yawa watsa ruwa kawai suke yi a kan sawu su zura takalmi. Kashedi mai tsanani kan barin diddige a bushe yana cikin Buhari da Muslim, kuma cuɗawa farilla ce a mazhabar da garin ke bi. Ahalarin da bai ɗora wa mai manta Bismillah komai ba, shi ne ya ce wanda ya bar lam'a, wato wurin da ruwa bai taɓa ba, sai ya wanke ta da niyya idan ya tuna, kuma idan ya riga ya yi sallah da wannan alwala sai ya sake ta.